Masu zuba jari a sabon kamfani: yaya suke yi masa kuɗi?

A watan Satumba na 2021, kamfanin Wave mai aika kuɗi ta salula a Senegal ya samu jarin dala miliyan 200 (dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta kasuwa ba). Waɗanda suka zuba, har da Stripe da Founders Fund, sun yi wa kamfanin kuɗi dala miliyan 1.700. To, me suka gani?

Mu idan za mu sayi shago, haja muke ƙirgawa. Su kuwa gobe suke saye. Sun duba mutanen da ke riƙe da kamfanin, sun duba faɗin kasuwar, sun kuma ga jama'a na tururuwa saboda Wave kashi 1 cikin ɗari kawai yake cira a kan aike.

Wannan jari ba bashin banki ba ne: babu jingina, babu ruwa. Ya fi kama da maigida da ya ba yaronsa jari su raba riba. In an faɗi, kuɗin maigida sun tafi. Sai dai shi wannan rabo yake karɓa a kamfanin kansa.

Lissafinsu daga ƙarshe yake farawa. Mu ɗauka mai jari ya yi hasashen nan da shekara 6 za a sayar da kamfanin a kan miliyan 500 na sefa, kuma yana son kuɗinsa su ninka sau 10. Ke nan yau kamfanin miliyan 50 ne a wurinsa. In ya zuba miliyan 10, kashi 20 cikin ɗari ya zama nasa. Ninki 10 kamar haɗama ne, amma galibin kamfanonin da suke tallafawa ba sa kai labari, ɗaya ko biyu ne ke biyan hasarar sauran.

Inda muke jan kunnen ƴan uwa ƴan kasuwa shi ne wajen yarjejeniya. Miliyan 50 ɗin a takarda take, ba a aljihu ba. Sau da yawa mai jarin yana neman kujera cikin masu yanke shawara, kuma ranar da aka sayar shi ake fara biya. In cinikin ya tsaya a miliyan 12, zai cire 10 ɗinsa, mai kamfani ya tashi da 2.