Sharuɗɗan Hawa Kujerar Farfesa a Fannin Ilmin Tattalin Arziki

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a shekarar 2011, mu malaman kwalejin ilmi da ke garin, da 'yan'uwanmu masu koyarwa a Kurfi da kewaye, muka sami kanmu maƙwabtaka da wani tsani wanda ba irin namu ba. A kwaleji ƙarshen hawa shi ne matsayin Cif Lakcara. A jami'a kuwa sai an kai ga Farfesa, watau Shehun Malami. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ke kai masanin tattalin arziki ga wannan kujera, da kuma irin binciken da tsarin yake turawa a yi ko a bari.

2.0 Matakan Hawa

A galibin jami'o'in Nijeriya mai digiri na biyu yakan fara ne a matsayin Mataimakin Lakcara. Daga nan sai Lakcara mai daraja ta biyu, da ta ɗaya, sai Babban Lakcara, sai Rida ko Mataimakin Farfesa, kana Farfesa. Bisa al'ada akan bukaci shekara uku tsakanin mataki da mataki, don haka wanda bai taɓa yin tuntuɓe ba ma sai ya share shekara 15. Digiri na uku kuwa ya zama ƙofar da ba ta da zagaye, domin da wuya a yau a bar mutum ya wuce Lakcara mai daraja ta ɗaya ba tare da shi ba.

Ya kamata a rarrabe wannan da tsarin Amurka. A can akan ɗauki malami na gwaji har kimanin shekara shida, sa'an nan a yanke hukunci guda: ko a tabbatar masa da kujera ta dindindin, ko ya nemi wani wuri. A nan tabbatar da aiki yakan zo da wuri, bayan shekara biyu ko uku, kuma ba kasafai ake hana shi ba. Tankaɗe da rairaya na ainihi sai a matakai biyu na ƙarshe. Ribar ma ba ƙarama ba ce, tunda dokar 2012 ta ba farfesa damar yin aiki har ya cika shekara 70, sauran malamai kuwa 65.

3.0 Ma'aunin Masu Tantancewa

Ana ba da maki ga koyarwa, da duba ɗalibai, da riƙe muƙami kamar shugabancin sashe. Amma duk waɗannan ba su hawar da mutum in rubuce-rubucensa ba su kai ba. Idan kwamitin ƙarin girma ya gamsu, sai a aika da ayyukan malamin ga farfesoshi na waje, yawanci uku, waɗanda ba a gaya masa sunayensu, kuma sai aƙalla biyu sun amince. Waɗannan ba su taɓa ganinsa a aji ba. Abin da ke gabansu takarda ce kurum: ina aka buga, shi kaɗai ya rubuta ko sunansa na biyar ne a jeri, kuma me ya ƙara wa ilmi.

Fannin tattalin arziki ya fi sauran fannonin zamantakewa tsanani a kan tambayar "ina aka buga". James Heckman, wanda ya sami lambar Nobel a 2000, da abokin aikinsa Sidharth Moktan, sun nuna a 2020 cewa a manyan sassa 35 na Amurka, bugawa a mujallu biyar kacal, irin su Econometrica da American Economic Review, tana da rinjaye mai yawa a kan wanda za a tabbatar. Mu namu awon bai kai nan ba. Muna da mujallar Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1957, da mujallun tsangayoyi. Sai dai cutar iri ɗaya ce: ana auna buhu, ba a kwance bakinsa a ga hatsin ba.

4.0 Abin da Ake Asara

A nan ne muke ganin matsalar ta shafe mu kai tsaye. Malamin da ya ɗauko alƙaluman Babban Bankin Nijeriya ya zuba a kwamfuta, yana iya fitar da maƙala a cikin 'yan makonni. Wanda kuwa ya ƙudura sanin dalilin da ya sa manomin Kurfi yake sayar da gero da kaka da araha, ya dawo ya saye shi da tsada da bazara, sai ya bi gida gida damina da rani. Haka wanda yake son auna amfanin madatsar ruwa ta Zobe, da aka kammala a 1983, ga masu noman rani. Na farko zai tara maƙala biyar kafin na biyu ya gama ɗaya, kuma ma'auni yana tare da na farko.

Abin lura, irin aiki na biyun ne ya daɗe. Polly Hill, wadda John Maynard Keynes kawunta ne, ta zauna a Batagarawa ta yi nazarin gandu da rumbu da bashi, ta buga littafinta Rural Hausa a 1972. Ta nuna cewa manoman ƙauye guda ba ɗaya suke ba, akwai wanda talauci ya hana shi noma gonarsa sai ƙwadago a ta wani. Har yau ana karanta littafin, amma iyakarta a Jami'ar Kambirij matsayin Rida. David Norman, wanda ya yi irin wannan aiki a ƙauyukan Zariya daga Samaru, shi ya zama farfesa a Kansas ta Amurka. Ashe hanyar tana kaiwa, sai dai ba ta da tabbas.

Shawararmu ga kwamitocin ƙarin girma ita ce a ba bayanan da malami ya tattaro da ƙafarsa maki na musamman, kuma a bukaci mai neman kujera ya ware ayyuka biyar da ya fi tinƙaho da su, a nemi masu tantancewa su yi sharhi a kan kowanne filla-filla kafin a shiga ƙidayar sauran.