Mai shiru ma tana da magana: abin da ginin tukwane ke yi wa gungunmu

Ƴan uwa mata, a kowane gungu akwai ta. Tana zuwa kan lokaci, ta yi zubinta, ta zauna can gefen tabarma, a tashi ba a ji muryarta ba. Wasu su ce girman kai ne, wasu su ce zurfin ciki. Alhali sau da yawa mace ce mai tunani, wadda hayaniya ke gajiyarwa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da aka kafa tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, jingina ɗaya muke da ita wajen ba da rance: yarda. Wadda ba a san halinta ba, wa zai tsaya mata? Ita kuma kunya ta hana ta roƙo. Sai ta shekara tana zuba kuɗi a akwati wasu na juyawa, daga baya ta sulale ta bar gungu, ba wanda ya tambaya.

Taron mako wurin masu baki ne. Zaman koyon ginin tukwane kuwa wurin masu hannu ne. Ido na kan yumɓu, ba wanda ke kallon fuskar wani. In an yi shiru ba laifi, aiki ake. Magana na zuwa da kanta: “Yaya, ruwan ya isa haka?” “Ƙara kaɗan, ƙanwata.” Daga nan har a kai ga zancen ciwon yaro ko bashin da ya hana barci.

Aikin kansa ba ya yin mutum ɗaya. A je a haƙo yumɓu, a jiƙa shi, a daka tsingaro a haɗa don kada tukunya ta tsage, a cuɗa har ya yi laushi. Bayan an gina, a bar kaya su sha iska a inuwa kafin a kai su rana. Ranar gashi kuwa, tukwanen kowa wuta ɗaya suke shiga, a rufe da kara da busasshen kashin shanu. Wadda ta sa ɗanyar tukunya, tata ta fashe, ta ɓata ta maƙwabciya. A nan ake gane mai haƙuri da mai amana, kuma sau da yawa mai shirun nan ce ke fara lura da tsaga tun ba a kai wuta ba.

Malamai ba su yi mana nisa ba. Mirya kusa da Damagaram, da Bubon a bakin kogi kusa da Yamai, sun yi suna a wannan sana'a. Mai raina ta kuwa ta duba takardar naira 20 ta Najeriya: hoton maginiya Ladi Kwali ne a kai.

Gungun da ke son gwadawa ya fara da rani, lokacin da kaya ke bushewa da sauri. A nemi tsohuwar maginiya, a yi ciniki da ita, a biya ta haƙƙinta. Kada a wuce mata 6 zuwa 8 a zama guda. A fara da ƙananan abubuwa: kasko, murfin tulu, ko asusu. A haɗa su biyu-biyu, kuma kada shugaba ta ce, “Ke, yi magana mana!”

Ko tulu bai sayu da tsada ba, ranar da mai shirun nan ta buƙaci rance, za a samu wadda za ta ce, “Na san ta, mun gasa tukwane tare.” Allah Ya ƙara haɗa kanmu.