Dambe: Ƙarfi Kan Gushe, Gwaninta Ba Ta Tsufa

Tun zamanin kakanni, a garuruwan Zamfara irin su 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe, dambe wasan kaka ne, kuma gadon mahauta. Ƙa'idarsa ba ta da yawa: hannu ɗaya a naɗe shi da zare domin duka, ɗayan a miƙa shi domin kariya. Turmi uku ake yi, wanda ya kai ƙasa kuwa an ce an kashe shi.

Yaro ɗanye kan dogara da ƙarfin damtse, ya yi ta kai naushi barkatai har numfashinsa ya ƙare. Tsohon hannu kuwa yana kafa ƙafa, ya auna tazara, ya karanci kafaɗar abokin karawarsa, sa'an nan ya saki hannu sau ɗaya. Da yawan karo ake samun wannan, ciki har da shan ƙasa. Shago, wanda makaɗi Ɗan'anace ya wasa, ba rana ɗaya ya yi suna ba.

Haka abin yake a damben Turawa. A Kinshasa cikin 1974, Muhammad Ali ya bar George Foreman ya gajiyar da kansa, ya kayar da shi a turmi na 8. Foreman ya ɗauki darasi: a 1994, yana da shekara 45, ya buge Michael Moorer ya sake zama zakaran duniya.

Saboda haka matashin da ya shiga fage don kuɗi kafin ya iya tsayuwa da kariya, lafiyarsa ya sa a caca.