Kugin Ciki Da Iskar Da Ke Maƙalewa Ƙarƙashin Haƙarƙari: Ba Kullum Ne Olsa Ko Basir Ba

A ɗakin taro, daidai lokacin da kowa ya yi tsit ana sauraron babban sakatare, a lokacin ne ciki yakan ga damar yin kugi. Ƙarar takan taso daga can ƙarƙashin haƙarƙarin hagu kamar ana tsiyayar ruwa daga buta, sai mai cikin ya gyara zama, ya yi tarin ƙarya, ya ɗora fayil a cinya. Kafin la'asar wando ya matse shi, wurin ya ɗaure tamau, wani lokaci zafin ya haura ƙirji har kafaɗa. Ba ya samun sa'ida sai ya keɓe ya fitar da iska, ko ya zaga.

Ma'aikata da dama a Abuja sun san wannan hali, ko da yake ba zancen da ake yi a bainar jama'a ba ne. Idan ma'aikacin ɗan ƙasar Katagum ne, sau da yawa sai ya je gida hutun Sallah yake buɗe baki, a Azare kuwa ba a rasa mai raɗa wa ciwo suna. Mai kemis zai ce olsa ce. Mai maganin gargajiya da ke shela da lasifika a bakin tasha zai lissafa kugin ciki da kumburinsa cikin alamomin basir. Gwaggo za ta jiƙa masa kanwa. A ɗakin gwaji kuma a ɗebi jini a yi gwajin Widal, sakamako ya nuna taifot, kamar dai yadda ya nuna bara da bara waccan. Kowa da maganinsa, kowa da kuɗinsa, ciki kuwa na nan yana kugi.

Abin da ba a cika yi wa mai ciwon bayani ba shi ne, ba tumbi kaɗai ke zaune a ƙarƙashin haƙarƙari ba. Babban hanji yana hawa ta ɓangaren dama, ya yi kwana a ƙarƙashin hanta, ya ratsa ciki, ya sake yin kwana a hagu kusa da saifa, sannan ya gangara. Kwanar hagu ta fi tudu, ta kuma fi ƙunci. Iska sama take nema, don haka a nan takan taru ta buɗa hanjin, musamman ga wanda ya wuni a kujera. Zafin kan yi kama da na zuciya, har ya tsorata mutum. Shi kansa kugin ba cuta ba ne: motsin hanji ne yana tura ruwa da iska, kuma idan ciki babu komai akwai wata shara da hanji ke yi wa kansa duk bayan minti 90 zuwa awa biyu, wadda ƙararta ta fi fitowa. Lafiyayyen mutum ma yakan fitar da iska sau 10 zuwa 20 a yini.

Lamarin yana zama lalura ne idan ciwo ya shigo ciki ya zauna. Likitoci na kiran ta IBS a taƙaice, wato lalurar hanji mai saurin harzuƙa. Bisa ƙa'idar da ƙwararru suka sabunta a 2016, wadda ake laƙaba wa sunan birnin Rum, ana zargin ta ne idan mutum na fama da ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako tsawon wata uku, ciwon ya faro tun wata shida baya, kuma yana tafe da biyu daga cikin abubuwa uku: alaƙa da fitar bayan gida, sauyin yawansa, ko sauyin kamanninsa. Wasu gudawa ce ke damun su, wasu taurin bayan gida, wasu kuma yau wannan gobe wancan. Idan aka leƙa hanjin da kyamara ba a ganin gyambo ko ƙari, shi ya sa marar lafiya kan fito daga asibiti da takardar da ta ce lafiyarsa ƙalau alhali shi ya san ba haka ba ne.

Gaskiyarsa ce kuwa. Masu bincike a Barcelona ta ƙasar Sifaniya sun riƙa ɗura wa mutane iska cikin hanji suna auna wadda ta fito. Lafiyayyu suka fitar da ita ba wahala. Masu IBS da yawa iskar ta maƙale musu, cikinsu ya kumbura, suka ji ciwo. Ba lallai ne iskarsu ta fi ta kowa yawa ba, hanjin ne ba ya tura ta yadda ya kamata, jijiyoyinsa kuma suna kai wa ƙwaƙwalwa rahoton ciwo a kan abin da hanjin wani ba zai ko lura da shi ba. Saƙon kuma yana tafiya ta ɓangare biyu. Shi ya sa ciwon kan tashi a makon kare kasafin kuɗi ko daren jarrabawar ƙarin girma, ya lafa idan aka samu hutu. A wasu kuma yakan faro ne bayan an yi fama da amai da gudawa. Kusan mutum ɗaya cikin goma hanjinsa ba ya komawa daidai bayan irin wannan.

To ina batun olsa? Tana nan, kuma ƙwayar bakteriyar da ke haddasa ta, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano har suka ci kyautar Nobel a 2005, ta yawaita a Arewa. Binciken da Chris Holcombe ya yi a Maiduguri wajen farkon shekarun 1990 ya nuna mafi yawan mutanen yankin na ɗauke da ita, lafiyayyu da marasa lafiya. Ke nan ganin ta a gwaji na iya zama dalilin shan magani idan likita ya rubuta, amma bai tabbatar da cewa ita ce ke sa kugin ba. Haka gwajin Widal guda ɗaya, ga mutumin da ba ya zazzaɓi, ba hujja ba ce. Maimaita Flagyl da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba yana hargitsa bakteriya masu amfani da ke cikin hanji, ya ƙara dagula abin da ake son gyarawa. Kanwa kuma idan ta haɗu da tsamin tumbi iska take haifarwa, gyatsar da ke biyo baya ce ake ɗauka waraka. Ga ta da gishiri mai yawa, abin da mai hawan jini ba ya buƙata.

Inda zancen ya fi zafi ga Bakatagume shi ne akushi. Masana a Jami'ar Monash ta Ostareliya sun tattara wasu nau'o'in sukari da ƙaramin hanji ba ya iya tsotsewa sosai, suka kira su FODMAP. Idan suka isa babban hanji bakteriya kan far musu, su tashi kamar yadda ƙullun waina ke tashi idan ya kwana. Wake na sahun gaba, da duk 'ya'yansa: ƙosai, alala, ɗanwake, garau-garau. Sai albasa da tafarnuwa, sai alkama, wato burodi da taliya, sai mangwaro da kankana. Madara ma tana damun manya da yawa, ko da yake nonon da ya yi tsami ya fi ta sauƙi. Shinkafa, gero, masara, dankalin Turawa, lemu da gyaɗa daidai misali ba su cika tayar da ƙura ba. Duk wanda ya taɓa buɗe baki da ƙosai goma da lemon kwalba a watan azumi, ya tsaya tarawihi da ciki kamar ganga, ya riga ya yi wannan gwaji a jikinsa.

Sai dai tsarin ba haramta wake ba ne har abada, kuma zai zama ganganci a raba iyali da abincin da ya fi kowanne sauƙin kuɗi wajen gina jiki. Ana rage waɗannan abinci ne na mako biyu zuwa shida, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya domin a gane wanda jiki ba ya so da kuma adadin da yake iya ɗauka. Jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan kafin a dafa, yana rage masa iska. Sauran kuma ɗabi'un ofis ne: tsallake karin kumallo, haɗiye abinci a tsaye tsakanin taro biyu, cingam, lemon kwalba, cika ciki da tsakar dare, da riƙe bayan gida saboda banɗakin ma'aikata ba ruwa. Mataimaki na musamman da ke bin mai gida daga Abuja zuwa Kano, ya miƙe ta Wudil da Shuwarin zuwa Azare a zaune cikin mota, ya haɗa kusan dukkansu a yini guda. Tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci na taimaka wa iska wucewa, akwai kuma magungunan sassauta murɗar hanji irin su Buscopan da ƙwayoyin man na'ana'a da likita kan rubuta.

Akwai haɗari na biyu, wanda ya fi na ɓarnar kuɗi: mutum ya karanta alamomin IBS ya yanke wa kansa hukunci. Jini a bayan gida ko baƙin bayan gida, rama ba dalili, ƙarancin jini, zazzaɓi, amai mai naci, ciwon da ke tayar da mutum daga barci, kullutu a ciki, ko alamomin da suka fara bayan shekara 50, babu ɗaya daga cikinsu da ake jingina wa IBS. Sankarar babban hanji kan ɓuya a bayan kalmar basir har sai ta yi nisa, likitocin Najeriya kuma sun sha lura cewa tana bayyana a nan ga masu ƙarancin shekaru fiye da na Turai. Amurka ma ta sauko da shekarun fara gwajinta zuwa 45 a 2021. Tsutsar ciki, atuni da tarin fuka na hanji duk suna iya kwaikwayon ta. Ciwon ƙirji mai haɗe da zufa ko sarƙewar numfashi kuwa na sashen gaggawa ne nan take, kada a tsaya jiran gyatsa.

Azare ba ta rasa inda za a kai wannan ƙorafi ba. Asibitin tarayya da ke garin yana karɓar marasa lafiya daga Zaki, Gamawa, Shira, Giyaɗe da Itas/Gadau, har da maƙwabta daga Jigawa da Yobe, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a garin. Ma'aikacin tarayya da ke cikin inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta mayar da ita hukumar NHIA, yana farawa ne daga asibitin da ya yi rajista, daga nan a tura shi ga ƙwararren likitan ciki idan da buƙata. Gwajin farko bai wuce na jini da na bayan gida ba. Abin da ya fi taimaka wa likita shi ne marar lafiya ya zo da rubutun mako biyu na abin da ya ci, lokacin da ciwon ya tashi da yadda bayan gida ya fito, tare da kwalayen duk magungunan da ya sha, har da jarkar mai lasifika.