Annoba A Gaba, 'Yan Bindiga A Baya: Yadda Iyaye Suka Yanke Wa 'Ya'yansu Hukunci A Batsari Da Safana

Bayan da cutar Korona ta ɓulla a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, an umarci iyaye da su tsare 'ya'yansu a gida. Ga mazauna birane umarnin ya zo da takura, amma ga mutanen ƙauyuka irin su Darini da ke yankin Batsari da Safana, gidan ma ba wurin aminci ba ne. Makonni biyu kafin nan, ranar 14 ga Fabrairu, 'yan bindiga suka hallaka kimanin mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar da ke Ƙaramar Hukumar Batsari.

Hukunci uku masu nauyi

Na farko ya shafi almajirai. A watan Afrilun 2020 gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Uban da ya tura ɗansa Kano ko Zariya neman karatu, wani lokacin ma don nesanta shi da dajin Rugu, sai ga yaron ya dawo ana tsoron ko ya ɗauko cutar, domin an samu wasu daga cikin waɗanda aka kwaso ɗauke da ita. Keɓe shi a gidan da yara da yawa ke kwana ɗaki guda abu ne mai wuya, kin karɓarsa kuma ba ya cikin lissafi.

Na biyu shi ne zama ko gudu. Ranar 18 ga Afrilu aka kashe mutum 47 a hare-haren da aka kai Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma, daidai lokacin da aka taƙaita zirga-zirga. Wanda ya gudu da iyalinsa cikin gari zai faɗa cunkoson da likitoci ke gargaɗi a kai. Wanda ya zauna zai kwana da fargaba, ga damina na ƙaratowa, gona na jiransa.

Na uku shi ne komawa makaranta. An rufe makarantu tun watan Maris, kuma ba a jima da buɗe su ba aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba. An sako 344 bayan kwana shida, amma Gwamna Aminu Bello Masari ya riga ya rufe makarantun kwana, iyaye da dama kuma sun fara tunanin cire 'ya'yansu gaba ɗaya, ko aurar da 'yan mata.

Me ya sa hukunci ke gagara?

Mutumin da ba ya samun barci, ga rashin abinci da jita-jita a WhatsApp, hankalinsa kan tattaru ne a kan abin da zai kawar masa da damuwar yau. Shi ya sa hukuncin da ya fi saurin kawo sauƙi, kamar cire yarinya daga makaranta, kan rinjayi wanda ya fi amfani. A nan ne ake bukatar tsari.

Abu na farko shi ne auna haɗarin da ya fi kusa. Bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna Korona ta fi tsananta ga tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini, ba ƙananan yara ba. Saboda haka yaron da ya dawo daga almajirci ya fi zama barazana ga kakarsa fiye da ƙannensa, kuma ita ce ta fi cancantar a ware wa ɗaki. Haka nan, inda hari ya tabbata, tsira da rai na gaba da tsoron cunkoso.

Na biyu shi ne bambance hukuncin da ake iya warwarewa da wanda ba a iyawa. Tura yaro wurin kawunsa a Katsina na zango guda ana iya janye shi. Aure ko daina karatu kuwa da wuya a dawo da su baya. Wanda hankalinsa ya tashi gara ya zaɓi na wucin gadi, ya sanya ranar da zai sake duba lamarin.

Na uku shi ne shawara, wadda Hausawa suka ce ɗaukar ɗaki ce. Uwa ce ta fi sanin wanda ya daina cin abinci ko yake firgita da dare, don haka ba daidai ba ne a yanke hukunci a zaure ba da saninta ba. Kan batun cuta kuwa, maganar ma'aikacin asibiti da sanarwar hukumar NCDC sun fi saƙon waya. Shi ma yaron da ya yi wayo a faɗa masa gaskiya daidai fahimtarsa.

Rabon mazauna birni

'Yan kasuwa da ma'aikata a Katsina da Kano na cikin waɗanda aka kai wa yaran 'yan uwa riƙo. Amsar da ta fi taimako ita ce bayyananniya: yara nawa za a iya ɗauka, zuwa yaushe, wa zai biya kuɗin makaranta, kuma ko yaron ya kammala allurar riga-kafi. Ɓarkewar kwalara a 2021 da ta mashaƙo a 2023 sun nuna cewa waɗannan tambayoyi za su sake tasowa, kuma gidan da ya tattauna su tun ana zaman lafiya ya fi samun sauƙin amsa su.