3.2 Zaɓen Cajar Batir a Gwandu da Kalgo

Wannan sashe zai yi bayani a kan abubuwan da ake dubawa kafin a zaɓi cajar batir. A Gwandu da Kalgo, kamar sauran garuruwan Jihar Kebbi, yawan ɗaukewar wutar lantarki ya sa jama'a sun dogara ga batir wajen kunna fitila da rediyo da waya. Saboda haka, kuskure wajen zaɓen caja asara ce ta dukiya, wani lokaci ma yakan jawo gobara.

Abu na farko shi ne sanin irin batirin. Akwai batir mai dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, shi ne ake sa wa mota da babur. Yana da gida 6, kowanne na ba da kimanin bolt 2, wato bolt 12 ke nan, kuma cajarsa kan tsaya a wajen bolt 14.4. Akwai kuma batirin litiyom, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Gida ɗaya na irin wanda ke cikin waya yana ba da bolt 3.7, kuma yawanci ba a yarda cajinsa ya wuce bolt 4.2 ba. Don haka ba a haɗa cajar wannan da wancan.

Abu na biyu shi ne ƙarfin wutar da caja ke turawa, wanda ake aunawa da amfiya. Ga batir mai dalma, an fi son kashi 1 cikin 10 na abin da yake ɗauka. Misali, batir mai lamba 100Ah yana buƙatar amfiya 10, ya cika cikin awa 10 zuwa 12, alhali na babur mai lamba 7Ah bai buƙatar ko amfiya 1. Idan aka ɗora batirin babur a kan cajar mota, zai yi zafi, ruwansa ya ƙone.

Darasi mai kyau yana wurin masu tseren ƙananan motoci na rimot a Turai da Amurka. Batirinsu na litiyom mai gida 2 yana ba da bolt 7.4, yana cika a 8.4. Sukan zaɓi caja mai auna kowane gida daban, domin idan ɗaya ya riga ɗan'uwansa cika aka ci gaba da tura masa wuta, sai ya kumbura, har ya kama da wuta.

Abu na uku shi ne yanayi. A watan Afrilu zafin wannan yanki kan haura digiri 40, zafi kuwa yana rage kwanan batir. Ya kamata a zaɓi caja mai tsayawa da kanta idan batir ya cika, a kuma yi caji a inuwa inda iska ke shiga, domin batir mai dalma na fitar da iskar haidurojin mai saurin kamawa da wuta.

A taƙaice, ba arhar caja ake bi ba, dacewarta da batirin ake dubawa. Sashe na gaba zai duba yadda ake kula da batir bayan caji.