Gidan Zanen Regensburg da Garuruwan da Suka Canja Suna

A gefen lambun shaƙatawa na birnin Regensburg, a jihar Bavariya ta kudancin Jamus, akwai gidan adana zane-zane mai suna Kunstforum Ostdeutsche Galerie. Masu ayyukan da ke ciki asali ne ya haɗa su: an haife su, ko sun yi aiki, a yankunan gabas da a da ake jin Jamusanci, irin su Silesiya, Bohemiya da Gabashin Prussiya. Yau waɗannan wurare suna cikin Poland, Czech da Rasha.

Yaƙin da Hitler ya tayar ne mafarin lamarin. Da aka ci Jamus a 1945 aka sake shata iyakoki, Jamusawa kimanin miliyan 12 suka gudu ko aka kore su daga gabas. Wasu ƙungiyoyinsu biyu, Adalbert Stifter Verein da Künstlergilde Esslingen, suka shiga tattara zane-zanen da suka warwatse. Wata doka ta 1953 ta ɗora wa gwamnati alhakin kula da wannan gado, aka kafa gidauniya a 1966, gidan ya buɗe a 1970.

Cikin fitattunsu akwai Käthe Kollwitz, wadda aka haifa a 1867 a Königsberg, garin da yanzu ake kira Kaliningrad. Ta yi suna da jerin zanenta kan boren masaƙa. A na farko uwa ce ta dafe kai da hannu bibbiyu a kan gadon ɗanta da yunwa ta ƙarar, ga abin saƙa a bayanta tsaye cik. Wanda ya taɓa jinyar yaro ba ya buƙatar tafinta a nan. Akwai kuma Lovis Corinth, ɗan Tapiau, wanda shanyewar ɓarin jiki ta same shi a 1911 amma bai ajiye buroshi ba.

Gida irin wannan yana iya zama wurin kukan ƙasar da aka rasa kawai, a manta da wanda ya fara ɓarnar. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya buɗe ƙofa ga masu zanen Poland da Czech na yau. Ginshiƙai huɗu ja wur da ke bakin ƙofarsa, a karkace kamar za su faɗi, aikin Magdalena Jetelová ne, haifaffiyar ƙasar Czech. An kafa su a 2006, shekarar da ta karɓi lambar yabo ta Lovis Corinth.